Wadda Ta Tsallake Igiya

Lamyai na tsugune tana wanke tayoyin motarta a bakin tashar jirgin ƙasa ta Surin lokacin da wayarta ta yi ƙara. Da ta ga sunan Wirot ɗan Kru Samran, tsohon malamin dambe, sai ta bar wayar ta yi ta kuka har ta kusa tsinkewa, sannan ta goge hannu a zane ta ɗauka.

"Yaya Lamyai, kin ci abinci?"

"Na ci. Faɗi abin da ke tafe da kai."

"An ce ran Alhamis za ki ɗauko Baturiyar nan 'yar dambe, mai neman sansanin horo da za ta zauna. An ce in ta zaɓi wuri, duk shekara za ta riƙa kawo ɗalibanta goma sha biyu." Ya sassauta murya. "Yaya, ki taimaka ki biyo da ita wurinmu. Baba ya tsufa. 'Yan dambe biyu suka rage mana. Masu masana'antar rogo sun zo sun auna filin har sau biyu, in daminar nan ta wuce ba mu sami baƙi ba sayarwa zan yi, ba ni da yadda zan yi."

"Haba Wirot, har sai ka roƙa? Zan kawo ta."

Ta kashe wayar, ta zauna a kan bokiti ta yi dariya ita kaɗai, har mai sayar da gasasshiyar kaza a gefe ta tambaye ta ko caca ta ci.

Lamyai akwai riƙo, wannan kowa a Surin ya sani, amma ita ma an yi mata abin riƙon. Shekara ashirin da biyu ke nan. Tana da sha bakwai, takan kai wa yayanta Prayun shinkafa mai danƙo a sansanin Kru Samran, ta tsaya daga nesa, don a gidan Kru mace ba ta taɓa dandamalin dambe, ko igiyarsa. Wata rana ana atisaye aka sakar wa Prayun gwiwar hannu a haɓa, ya faɗi ta baya, idanu suka juye, yana gurnani, harshe ya toshe masa maƙogwaro. Maza takwas na tsaye suna kallo kamar an dasa su. Ita ba ta ma san lokacin da ta yar da kwandon shinkafar ba, ta tsallake igiyar sama, ta juya shi ta gefe, ta sa yatsa ta buɗe masa baki. Ya yi numfashi.

Bayan kwana tara wani zakaran damben sansanin ya sha kashi a Bangkok. Shi ke nan, aka sami mai laifi. Kru Samran ya gayyato sufaye tara daga haikali suka yayyafa wa dandamalin ruwan tsarki, ya sa aka yanke igiyoyin huɗu aka ƙone a bakin hanya, ƙauye duka na kallo. Ya ƙwace sunan sansanin daga Prayun, ɗan dambe kuwa da sunan gidansa yake hawa fage. Ba malamin da ya yarda ya ɗauke shi a duk lardin. Yau Prayun rake yake sara a gonar mutane, kuma har gobe in aka sa dambe a talabijin tashi yake ya fita waje. Ita kuwa sai da ta yi shekara shida tana aiki a otal-otal na bakin teku kafin ta iya dawowa gida, da Turanci a baki da kuɗin sayen mota. Abu ɗaya take so ta gani kafin ta mutu, a rufe wannan sansani a dasa rogo a kansa.

Ran Alhamis Baturiyar ta sauko daga jirgin safe da jaka ɗaya. Benedita sunanta, 'yar Fotugal, doguwa, hanci a karye, ga fara'a. Ta ce mako shida ne da ita, akwai karawa da za ta yi a Bangkok, kuma sansani biyu take son gani ta zaɓi ɗaya yau ɗin nan.

Lamyai ta fara kai ta wurin Kru Anek, sabon sansanin nan na bakin babban titi, mai wurin ninƙaya da ɗakuna masu na'urar sanyi. Turawa kusan ashirin na ta dukan buhu suna ɗaukar kansu hoto. Benedita ta yi awa guda a ciki, ta fito tana goge wuya da tawul.

"Yaya kika gani?" in ji Lamyai.

"Da kyau. Kowa na cewa madalla, madalla. Ba wanda ya ce mini na yi kuskure ko sau ɗaya." Ta ɗaga kafaɗa. "Ni kuwa na san ina yi."

Lamyai ta tada mota. Ta so a ce wannan irin Turawan ne masu zaɓen sansani saboda katifa. Amma ta riga ta yi shirinta. Ba ta gaya wa Benedita komai a kan igiya ba, da gangan. Ta san Turawa, tsalle ɗaya suke yi su faɗa dandamali. Bari ta tsallake a gaban tsohon, ya zazzaro ido, ya kore ta da bakinsa, ya kori abincinsa da kansa.

Suka tsaya a hanya suka ci kwaɗon gwanda, Baturiyar na hawayen barkono tana cewa a ƙaro. Sannan suka bar kwalta, suka bi jar hanya ta tsakanin gonakin shinkafa.

Sansanin ya tsufa fiye da yadda Lamyai ta zata, abin ya yi mata daɗi ƙwarai. Kwanon rufin ya yi tsatsa, an jera bokitai inda yake yoyo. Buhunan naushi uku ne, duk an ɗaure su da robar taya. Wani zakara na yawo a ƙarƙashin dandamali. Wirot ya tare su yana ta haɗa tafin hannu a gaban fuska, har da ruwan sanyi a kofi mai murfi.

Kru Samran na zaune a kan benci. Shekara saba'in da huɗu, ya ƙanƙance, kan duk furfura, amma dantsen nan na nan yadda ta san shi. Benedita ta haɗa hannu ta sunkuya. Lamyai ma ta haɗa nata, iya ƙirji, ba ta kai shi fuska ba. Tsohon ya dube ta sau ɗaya ya kau da kai.

"Tambaye ta shekara nawa tana dambe," ya ce, ba tare da ya kira suna ba.

"Goma sha ɗaya."

"To, ta hau mu gani."

Benedita ta cire takalmi, ta naɗe hannu, ta nufi dandamalin. Lamyai ta zuba mata ido. Ga ta nan, ta kai bakin matakala, ta miƙa hannu za ta kama igiyar sama, ƙafa ta fara tashi.

Sai tsohon ya miƙe. Bai yi tsawa ba. Da ɗingishinsa ya je, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya kama igiyar ƙasa da hannunsa ya ɗaga ta sama, ya yi wa Baturiyar alama da kai. Benedita ta gane, ta yi murmushi, ta sunkuya ta shige.

Kai! Lamyai ji ta yi kamar an watsa mata tafasasshen ruwa a ƙirji. Ashe igiyar tana ɗaguwa. Ashe mace na iya taka wannan dandamali sama ba ta faɗo ba. Ba sufaye, ba wuta, ba komai, da hannunsa ma. Abin da ya rage kawai shi ne macen ta zo daga ƙasar waje da ɗalibai goma sha biyu a bayanta. Ta tuna Prayun da lauje a hannu, baƙin ciki ya cika ta.

Kru ya ɗaura matasan fata na tare duka a dantse ya hau. Daga nan ba a ƙara neman tafinta ba. Ya buga mata cinya ta gyara tsayuwa. Ya kama ƙugunta ya murɗa, ya nuna mata dugadugi. Ta yi shuri, ya girgiza kai. Ta sake, ya girgiza. A na biyar ƙarar ta canza, ta fito da nauyi, har zakaran ya fice da gudu. Benedita ta tsaya ta dubi ƙafarta kamar ba tata ba.

"Eh!" in ji tsohon. Kalma ɗaya ke nan da ya faɗa a cikin minti goma sha biyar.

Da ta sauko, gumi na zuba, fuska na sheƙi, ta ja Lamyai gindin bishiyar tsamiya.

"Shekara uku ina fama da wannan shurin. Shekara uku! Nan nake so. Zan kwana ko a kan tabarma ce." Ta sha ruwa. "Amma ke 'yar nan ce. Rabin ɗalibaina mata ne, wasu ko ashirin ba su kai ba. Gaya mini gaskiya, wane irin mutum ne? Zan iya damƙa masa su?"

Wirot na can nesa yana kallonsu, hannu a haɗe, idonsa na roƙo. Lamyai ta ga bai kamata ta yi ƙarya ba, tunda gaskiyar ma ta isa. Ta faɗa mata komai, a hankali, ba ƙari ba ragi. Kwandon shinkafa, harshen Prayun, sufaye tara, hayaƙin igiya a bakin hanya, gonar rake. Ta nuna mata da yatsa daidai kusurwar da yayanta ya faɗi.

"Wannan yarinyar ke ce?"

"Ni ce."

"Ya taɓa ba ki haƙuri?"

"Ko sunana bai ƙara kira ba."

Benedita ta ajiye ruwan. Ta dubi dandamalin, ta dubi tsohon yana kwance matasan daga hannu, ana ganin yadda abin yake mata ciwo. Sannan ta fara warware ƙyallen hannunta.

"Mai da ni wurin Anek," ta ce.

Wirot ya biyo su har mota. "Yaya, me ya faru? Ba ta ji daɗi ba ne? Gaya mata za mu gyara ɗaki, za mu sa fanka. Yaya Lamyai, don girman iyayenki!"

"Ka kira masu rogonka," in ji Lamyai. "Ka ce su zo da ma'auninsu."

Daɗin da ta ji da faɗin wannan magana ba ta taɓa jin irinsa ba. Ta shiga mota, ta ja ƙofa, ta murza makulli. Sai ta ga tsohon na tahowa da ɗingishi, ba gaggawa. Ya tsaya a tagarta, ya dafa ƙarfen da hannu.

"Lamyai."

Ta ƙi juyowa.

"Tun daga ƙofa na gane ki. Na san abin da kika gaya mata, ban kuma ce kin yi ƙarya ba." Ta jira sauran, ta jira kalma ɗayan nan. Bai faɗa ba. Tsoho mai taurin kai, ko yanzu da gidansa ke rushewa a kansa. "Kai ta wurin Anek, ba komai. Amma ki faɗa mata wannan. Duk lokacin da za ta saki shurin dama, hannunta na hagu yana sauka, haɓa na tashi. Kaɗan ne, su Anek ba za su gani ba. Yarinyar da za ta kara da ita a Bangkok za ta gani, na san malaminta, gwiwar hannu ce sana'arsu. In ba a gyara ba za su karya mata muƙamuƙi. Na so in fara da shi gobe."

Benedita ta sunkuyo daga ɗaya kujerar. "Me ya ce?"

Lamyai ta riƙe sitiyari da hannu biyu. Ta san matar nan zuwa yanzu. In ta ji cewa a minti goma sha biyar tsohon ya ga abin da ba wanda ya gani, kuma ya biyo ta da shi har mota bayan ta ƙi shi, to buɗe ƙofa za ta yi ta sauka da jakarta. Sansani ya tsaya, ɗalibai su zo, a sa sabon kwano. Ta kuma san abin da gwiwar hannu ke yi wa haɓa, ta fi kowa sani. Baturiyar nan ba ta yi mata komai ba, alheri ma ta yi mata. Lamyai ta ji kunyar kanta sosai, ta kuma ji cewa kunyar ba ta kai ƙiyayyar ƙarfi ba.

"Ya ce mu sauka lafiya," ta ce.

Benedita ta leƙo ta taga, ta haɗa hannu har goshi ta gode masa. Tsohon ya gyaɗa kai, ya saki ƙarfen motar, hankalinsa ya kwanta, don a zatonsa saƙo ya isa.

Lamyai ta sa giya ta ja.