Sitiyarin Motar Baba Duodu

Wata uku Baba ya yi a mutuware kafin dangi su tsayar da ranar binne shi, amma sai safiyar ranar, wata Asabar, na gane motarsa ba za ta tuƙu ba.

Doguwar motar Amurka ce mai faɗin baya, ta girme ni da shekara shida. Da ita ya yi shekara arba'in yana ɗaukar amare a Kumasi. A asibiti ya riƙe hannuna ya ce, "Afrakoma, a motata za ki kai ni Mampong. Kada a loda ni a motar haya kamar buhun rogo." Na yi masa alkawari.

Tun daga nan kullum ina tayar da ita, ina wanke ta, amma ban taɓa fita da ita ba. Da na ja ta zuwa bakin ƙofa ran nan, sai na ji sitiyarin yana rawa a hannuna, sama da ƙasa da gefe, kamar haƙorin da ya kusa fita. Irin wanda ake ɗagawa a sauke ne daidai tsayin direba, to can wajen gaɓar ne ya saki.

Baffa Ofosu, ƙanen Baba kuma shugaban dangi, ya zura hannu ya girgiza shi.

"Da wannan za ki hau tudun Mampong? Gawa ɗaya ba ta ishe mu ba? Na kira motar haya. Ƙarfe goma za mu tashi, da ke ko ba ke."

Na lallaɓa da ita har Suame, unguwar makanikai, cikin baƙaƙen kayana. Gareji uku na shiga. Na farko ya ce ba ya taɓa abin da ya girme shi. Na biyu ya leƙa ciki ya ce, "Anti, wannan ai sai gidan tarihi." Na ukun ne ya ji tausayina ya nuna mini rumfar Masta Kwarteng.

Tsoho ne, yana zaune a kan kujerar mota da aka cire, hannun damansa a kan cinya, ya shanye. Tun daga nesa ya gane motar. Da na gaya masa Baba ya rasu, sai ya zura hannun hagu ya girgiza sitiyarin.

"Na sha gaya wa Duodu ya daina kama sitiyari yana miƙewa. Gwiwa ta ƙi, ya mai da shi sanda. Ƙusoshi huɗu ne suka kwance can ƙasa. Ɗaure su minti biyu ne, isa gare su kuwa sai awa biyu."

"Masta, don Allah ka taimake ni."

"Da wane hannun? Ma'aikatana kuma duk sun tafi jana'iza, yau Asabar." Ya dube ni. "Mene ne sana'arki?"

"Ɗinki."

"To ai kin iya farkewa. Shiga."

Ya jawo kujerarsa bakin ƙofar mota yana faɗa ina yi. Na kwance babban noti, na cire sitiyarin, na danne wani faranti da dukan ƙarfina har na samu na zare zoben da ya riƙe shi. Na fitar da abin sigina da wayoyinsa, na zare gidan makulli. Duk abin da ya fito sai ya sa in jera shi a kan kwali bi da bi.

"Kika rikita jerin nan, 'yata, sai dai ki tafi Mampong a ƙafa."

Tara da rabi muka iso ƙarafa biyu da gaɓar take juyawa a kansu. Akan murɗa ƙaramar ƙusa a cikin kowanne, sannan a ja. Na hagu ya fito lafiya. Na dama kuwa ina ja ƙusar ta karye a ciki.

Na kira Baffa a waya.

"Baffa, ka ba ni awa ɗaya. Ɗaya tak."

"Mutum ɗari biyu na tsaye a rana, ga masu ganga. Ubanki yayana ne kafin ya zama ubanki." Ya kashe wayar.

Na kifa kaina a kan kujera na yi ta kuka. Masta bai rarrashe ni ba. Ihu ya ƙwala wa wani mai walda a tsallaken hanya, Atta Bonsu, wanda ya zo yana taunar dokunu, tuwon masara mai tsami.

"Liƙa mini noti a kan guntun nan. Ka ƙona wayar nan kuma, in ƙona gemunka."

Babu tsumma mai tsafta, sai na cire ɗankwalina na jiƙa shi na rufe wayoyin. Walda ta kama a karo na uku. Ƙarfen ya fito.

Ga ƙusoshin nan huɗu. Biyu ma da yatsa na juya su. Na shafa musu gam na ɗaure har sai da Masta ya ce ya isa. Wajen mayarwa wani sifirin na cikin gaɓar ya yi mini tsalle sau biyu, na bi shi da rarrafe ƙarƙashin motocin mutane. Sha ɗaya da kwata sitiyarin ya tsaya cak. Oda, wato hon, ta daina kuka, ban damu ba.

A garin Jamasi na cim musu, gindin tudu, motar masu ganga ta yi zafi sun tsaya. Na durƙusa gaban Baffa a bakin titi, ina roƙon a mayar da akwatin gawar motar Baba.

"Ba a sauke gawa a hanya," in ji shi. "Tashi, mutane na kallo."

Mama ta fito daga motar da take, ta buɗe ta Baba ta zauna a gaba. Muka hau tudun a bayan akwatin, ina kuka ina bin kwana.

Da la'asar, da samari suka ɗauko shi daga gidan dangi, Baffa ya tsaya kusa da ni, idonsa a wani wajen.

"Buɗe bayan," ya ce.

Daga gidan zuwa maƙabarta bai kai rabin mil ba. Na tuƙa a hankali, kaina ba ɗankwali, baƙin mai har gwiwar hannu, gwaggonnina suna biye a ƙafa suna tambayar juna abin da ya same ni.