Ƙafar Kujerar Dogo

"Na ce maka ajiye kujerar nan, Dogo. Ba inda za ta."

"Kujerata ce fa, Akawu. Ko ka taya ni saye ne?"

Muryar maigidana ke nan da ta amininsa, suna ta ja-in-ja a gareji. Ni kuwa ina ɗakin girki, na rage wuta don kada ƙarar tafasa ta hana ni ji. Tagar ɗakin girkinmu garejin take kallo, kuma saboda ita na ƙi yarda a sauya mini wurin wanke-wanke.

Bari in ɗan koma baya. Tun da maigidan ya yi ritaya daga aikin akawu ya rasa abin yi, sai ya sayo wani ɗan injin walda mai araha, ja, bai fi akwatin rediyo girma ba. In ya kunna shi, fitilun gidan nan sai su yi ta kyafta ido. Ba sana'a yake yi ba, sha'awa ce kawai. Ya yi mini abin rataye tukwane da ya karkace gefe guda, ya yi wani benci da ba mai zama a kai sai baƙon da bai san halinsa ba. Dogo, abokinsa tun suna samari, shi ne ɗan kallo kuma mai riƙe masa ƙarfe. Kowace Asabar zai zo ya buɗe kujerarsa ta alminiyom, irin mai naɗewar nan, ya zauna yana ba da shawarar da ba wanda ya nema. Ciwon baya gare shi, ba ya iya zama a kan wata sai ita, don haka a garejinmu take kwana, jingine a bayan ƙofa. Ni da na haifa wa mutumin nan 'ya'ya ban taɓa samun rabin hirar da Dogo ke samu ba. Ni nawa aikin in kai shayi, in dawo in kwashe kofuna.

Sai wani likitan haƙori ya tare a gidan da ke kallon namu. Ashe shi ma mai sha'awar walda ne, amma nasa injin da tukunyar gas yake aiki, ba tartsatsi, ba hayaƙi, sai wani ɗan zuu kamar sauro. Dogo ya leƙa gaisuwa, ya dawo yana ta ba da labari, wai layin waldar Likita kamar an jera kwabbai. Maigidan ya ce ai wanda ya saba cusa wa mutane ƙarfe a baki dole hannunsa ya faɗa. Ya yi dariya, amma ranar tsakurar abinci kawai ya yi.

Ni kuwa ba na iya ganin abu in yi shiru. In na hango Dogo ya shiga gidan Likita a tsakiyar mako, ɓoyewa zan yi? In dariyarsu ta kai har bakin titi, ai sai in faɗa. Na ma ƙara da cewa ban taɓa sanin Dogo na da irin wannan dariyar ba. Maigidan ya ce shi ba abin da ya dame shi, sannan ya tashi ya ɗaga labule.

Ana cikin haka ƙafar kujerar ta tsage, daidai inda take haɗuwa da mazauni. Dogo ya ce zai tsallaka da ita Likita ya ɗinke, ya dawo da ita. Maigidan kuwa ya san abin da na sani: wannan kujerar ce ke kawo Dogo gidan nan. In ta kwana a can, can zai riƙa zama, shi kuma a bar shi da bencinsa. Shi ya sa ya riƙe ta gam, ya ce ai ya riga ya sayo tsinken walda na musamman, wanda mai shago ya rantse masa yana kama alminiyom ko a ƙaramin inji.

To, ja-in-jar da nake ji ke nan. Na ga abin zai yi daɗi, sai na ɗauki tiren shayi na shiga.

Dogo ya ce, "Hajiya, ki sa baki. Mutumin nan bai taɓa walda alminiyom ba, a kan kujerata zai koya?"

Na ce ni mace ce, me na sani game da ƙarfe. Sai dai na ji ana cewa Likita ko ido a rufe yana yi, amma ai ba a haɗa mai inji babba da mai ɗan ƙarami. Maigidan ya yi mini wani kallo, ya fizge kujerar ya kife ta a kan teburin aiki.

Da Dogo ya ga ba makawa, sai ya koma lallashi. Ya ce to a goge wurin da sabon buroshi wanda bai taɓa taɓa baƙin ƙarfe ba, don alminiyom na da wata fata a sama da ke hana shi kamawa. Ya ce kuma a yi sauri-sauri, don alminiyom ba ya yin ja kamar ƙarfe ya gargaɗe ka, yana fari tas zai zube. Da a nan ya tsaya, da wataƙila an ji maganarsa. Sai ya ƙara da cewa haka Likita ya ce.

Maigidan ya miƙa hannu ya ɗauko tsohon buroshinsa mai tsatsa, ya goga sau biyu. Ya sauke gilashin walda a fuska, ya ce kowa ya kau da kai.

Tsinken farko mannewa ya yi, sai da ya girgiza shi kamar mai cire ƙaya. Na biyu ya ci wuta ya ƙare kafin a ce me, ya bar wasu ƙuraje fari-fari a gefen tsagar, ita kuwa tsagar tana nan tana kallonsa. Farin hayaƙi ya cika garejin, Dogo na tari yana cewa a bari haka, a bari haka. Maigidan ya murɗa injin ya ƙara wuta. Ya ɗora na uku ya tsaya a wuri guda, yana jiran ya ga ja kamar yadda ya saba. Ja bai zo ba. Ƙafar ta yi wani laushi ta lotsa, sai ga rami wanda babban yatsana zai shige, narkakken abin ya ɗiga a ƙasa kamar kakin kyandir. Sauran ƙafar ta faɗi ta gangara ƙarƙashin tebur.

Ni dai na zuba shayi kofi biyu.

Maigidan ya ɗaga gilashin, gumi na bin wuyansa. Ya fara cewa laifin mai shago ne, tsinken ya sha sanyi, wutar ma yau ba ta da ƙarfi. Ya ce zai yi wa Dogo sabuwa ta baƙin ƙarfe, mai majingina, har ya sa mata katifa. A muryarsa na ji roƙo, abin da ni bai taɓa yi mini ba.

Dogo ya durƙusa da ƙyar ya zaro guntun ƙafar. Ba cikin fushi ya yi magana ba, so yake ya kwantar masa da hankali.

"Kada ka damu, mutumina. Likita ya ce ko ka ɓula ta in kawo, yana da bututu daidai ita, zai sa sabuwar ƙafa."

"Yaushe ya ce?"

"Jiya."

"Jiya. Wato tun ban taɓa ta ba kun zauna kun gama ɓula ta, kai da shi. Kuka yi dariya kuma?"

Dogo ya ce ba haka ba ne, magana ce ta kawo magana. Ya juyo gare ni in shaide shi. Na ce ni dai na ji dariya jiya da la'asar, amma ban san ta mece ce ba.

Maigidan ya naɗe kujerar da kansa, ya dangwara masa ita a ƙirji. Ya ce in an sa mata ƙafar ta zauna can, bayan ƙofar nan dama yana son wurin don ajiye tsintsiya.

Dogo ya karɓi kujerar. Ya ce, "Saboda in dawo nan in zauna nake son a gyara ta, Akawu. Amma tunda tsintsiya ta fi ni, Allah ya ba ku zaman lafiya."

Ya saɓa kujerar a kafaɗa, guntun ƙafar a ɗaya hannun, ya fita ya buga ƙofar garejin har kofuna suka yi ƙara a kan tire.