Kusurwar Ƙaro a Bargon Liyatu

Hamsatu tana tsince shinkafa a bakin ɗakinta Susana ta shigo ba sallama, ɗankwalinta a hannu.

"Goggo, Mama ta tafi. Yanzu a asibiti."

Hamsatu ta ajiye faifan. Abin da ya fara faɗo mata a rai ba kuka ba ne, bargon nan ne da ke shimfiɗe a ɗakin maƙwabciyarta Liyatu, uwar mijin Susana, ba a gama shi ba.

Shekara ashirin zana ɗaya ce ta raba gidajensu a Mubi. Liyatu mutuniyar Michika ce, sana'arta haɗa bargo da ƙyallayen da teloli ke zubarwa a kasuwa: ƙyallaye a sama, auduga a tsakiya, zane a ƙasa. Kafin allura ta shiga sai an manne ukun, in ba haka ba su zame, bargo ya tattare. A nan suke faɗa kullum. Hamsatu ta ce ƙaro, don da shi uwarta take manne komai. Liyatu ta ce sitacin rogo. Ba wadda ta taɓa zama ta kalli aikin 'yar'uwarta.

Wannan bargon na Tizhe ne, ɗan Liyatu, mijin Susana, wanda gwamnatin Gongola ta tura koyarwa Gembu, inda sanyi ke shiga har ƙashi. Ranar da za a kai Liyatu asibiti ta leƙo ta saman zana. Ita kowa "kai" take ce masa, mace ko namiji.

"Hamsatu, saura kusurwa ɗaya. In na daɗe, kai ka gama. Amma kar ka sa mini ƙaron nan naka."

"Ki dawo ki gama abinki," in ji Hamsatu.

An binne ta ranar Alhamis. Motar Tizhe Litinin za ta tashi.

Ranar Juma'a Hamsatu ta dama sitaci a wuta ta shafa. Ya yi gudaji, audugar ta dunƙule kamar tuwo. Ta ɓare, ta sa sabuwa, ta dama mai ruwa-ruwa. Damina ce, rana ta ƙi fitowa, abu ya ƙi bushewa. Da safe ta tarar da kiyashi sun yi layi a kai.

"Ke Liyatu, wane irin aiki kika bar mini?" ta faɗa da ƙarfi, ita kaɗai a ɗakin. "Kin tafi kin bar ni da koko a bargo!"

Haushi ya kai ta ga gwangwanin ƙaronta. Ta jiƙa, ta shafa da yawa, ta danne da dutsen niƙa. Ya kama kuwa. Ranar Lahadi ta ɗauko allura, ta tarar kusurwar ta sandare kamar busasshiyar fatar sa. Allura ta farko ta karye. Ta biyu ta karye, ta soke mata ɗan yatsa.

A haka Susana ta same ta da ta dawo daga coci.

"Wayyo Goggo, ƙaro kika sa?"

"To me zan sa? Sitacin uwar mijinki ya ƙi ni!"

"Dafa shi kika yi? Ai Mama ba ta dafawa. Ɗanye take jiƙawa, ta yayyafa da tsintsiya, ta bi da dutsen guga. Zafin ne ke dafa shi a ciki."

Hamsatu ta kalli kusurwar bargon. Shekara ashirin tana jin ƙarar murfin dutsen gugar nan ta bayan zana kowace safiya, tana cewa a ranta matar nan ta cika son gayu da kayan coci. Ko sau ɗaya ba ta tambaya ba.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba tun Juma'a?"

"Kin tambaye ni, Goggo? Korata kika yi daga ɗakin."

Suka zuba garwashi a dutsen gugar Liyatu. Hamsatu ta wanke kusurwar da ruwan ɗumi sau uku, ta busar da guga, ta yayyafa sitaci yadda aka ce. Ya kwanta lumui, allura tana wucewa ba gardama. Sai wuri ɗaya, faɗin tafin hannu biyu, da ƙaron ya ci audugar ya ƙi fita. Nan sai da ta huda da basilla.

Litinin da safe Tizhe ya zo da jakarsa. Ya shafa bargon tun daga sama, hannunsa ya tsaya a wurin mai tauri.

"Nan ne naki, Goggo?"

"Nan ne nawa. Ka juya shi wajen ƙafa, kar ya kankare maka fuska."

Ya yi dariya, dariyar ta koma hawaye. Ya naɗe bargon, ya turo mata dutsen gugar.

"Ki riƙe wannan. Mama ba za ta so ya yi tsatsa ba."

Har yau Hamsatu ba ta sake haɗa bargo ba. Amma kowace safiya, in ta sauke ruwan zafi, takan ɗebi garwashi ta zuba a dutsen, ta yayyafa wa ɗankwalinta ruwa da tsintsiya, ta rufe murfin da ƙarfi yadda za a ji ta bayan zana.