Rigar Da Za A Harba

Ranar Talata Uwargida ta rasu, ta bar rigar sulke a kan keken ɗinki, ko zaren ba ta yanke ba.

Injiniya, mijinta, shi ke zana farantan da ke tare harsashi, ita kuma ta ɗinka rigar da za ta riƙe su a jikin soja. Haka suka tsufa a ɗakin aikinsu. A ɗinka samfuri guda, a kai shi filin harbi, a yi masa ruwan harsashi, a dawo a lalubo inda ya gaza, a sake wani. Sai wanda ya jure ne sojoji za su sa a yi dubbansa.

Wannan rigar kam Injiniya ya rataye ta bayan ƙofa, ya hana kowa taɓawa.

Da aka share makoki, Kanar ya zo. Tsohon abokinsa ne, kuma shi ke kula da gwaji kafin a sayi kaya. Ya ture littattafan da ke kan kujera ya zauna.

"Malam Injiniya, rigar fa? Kwamitin sayen kaya na jira."

"Su jira. Jira ne kaɗai aikin da na ga sun ƙware a kai."

"In ba a gwada ta ba, ta wani kamfani za a saya. Ka gan ta ai. Mai zamewa daga kafaɗa in yaro ya yi gudu."

"Ranka ya daɗe, ɗinkinta na ƙarshe ke nan. So kake in ba ka ka huda shi?"

"Ai don a huda shi ta ɗinka shi. Da tana nan, da tuni ta kore mu da tsintsiya, ni da kai."

Injiniya ya yi tsaki. Ya karanta tarihin yaƙe-yaƙe da yawa, ya san yadda ake mutuwa a cikin kayan da aka saya ba gwaji, kuma bai taɓa jin haushin karatunsa kamar ranar ba. Ya tashi ya sauke rigar da kansa.

A filin harbi shi ya sa wa mutum-mutumin da ake gwaji da shi rigar. Ya ja maɗaurin, ya gyara wuyan, ya daɗe yana gyarawa har mai harbin ya kau da kai. Da bindiga ta fara, bai toshe kunne ba.

Bayan ƙura ta lafa, suka kwantar da rigar a kan tebur. Farantin ƙirji ya tsage a gefe, amma bai bar komai ya wuce ba. Injiniya ya sa tabarau ya bi ɗinkin da ɗan yatsa, kafaɗa, hammata, ƙugu, yana neman aibin da zai kai gida, don abin da ya saba kai wa Uwargida ke nan. Ya sake bi. Ya juya rigar ciki waje.

"Me ka samu?" in ji Kanar.

"Farantina na son gyara."

"Ɗinkin fa?"

Amsar ba ta Kanar ba ce. Injiniya ya rungumi rigar, tana warin albarushi, ya ce a ransa: Uwargida, ɗinkinki ya yi kyau.