Ƙarfe Goma Ne, Likita

…kuma wai ita ake tambaya wane wata ake ciki. Ita! Shekara talatin da ɗaya tana aikin jinya a ɗaki irin wannan, yau ga ta a kwance, wata ƙaramar likita na tsaye a kanta da takardar auna shanyewar ɓarin jiki. Ta san watan sarai. Yana nan a bakinta, sai dai harshen ya koma kamar na aro… abin da ke fitowa ba shi ta aika ba.

Rubuta, 'yar nan, rubuta makinki. Takardar nan ta haddace ta tun kina goye.

"Mama, nuna mini haƙoranki."

Tana nunawa. Ai ta riga kowa gani — a madubi, tana ɗaura ɗankwali, kumatun dama ya zube, bakin ya karkace. Ba ta yi ihu ba. Agogon bango ta duba. Ɗalibai nawa ta yi wa faɗa a kan wannan? Kafin kuka, kafin waya, a dubi agogo!

Yanzu hannu. A ɗaga, a riƙe har goma. Na hagu na tsaye ƙyam. Na dama… tsaya mana, kai! Hannun da ya samo jijiyar jarirai dubu, wai tun a uku ya faɗi kan katifa.

"Yaushe abin ya fara?"

Ba ita ake tambaya ba, Autanta ne, ƙato da gemu.

"Wallahi ban sani ba, likita. Wajen sha ɗaya na tarar da Umma a ƙasa. Ƙila da shi ta tashi daga barci."

A'a! Auta, ka kashe ni! In ba a san lokaci ba, ba za a yi allurar narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya ba. Awa huɗu da rabi ce kawai daga farawar ciwon, sai ƙofa ta rufe. Wane barci? Ita da ta yi sallah, ta share tsakar gida, ta shanya wanki? Sha biyu da kwata yanzu — akwai lokaci, akwai! Likita har ta fara juya baya…

Ba inda za ki. Hannun hagu na damƙe da farar rigar. Ta saki, ta ware yatsu biyar. Ta dunƙule. Biyar kuma.

"Ciwo take ji, likita."

Rufe mini baki, Auta. Biyar… biyar. Dube ni, yarinya, ba takardar ba.

"Goma? Ƙarfe goma na safiyar yau? Mama, in haka ne matse hannuna sau biyu."

Ɗaya. Biyu. Sai da likitar ta yamutsa fuska.

"A kawo gado mai taya! Hoton ƙwaƙwalwa, maza!"

Yauwa. Ashe kina da kai. In hoton ya nuna jijiya ce ta fashe, babu allura, ta sani… ta sani, a bar ta da wannan tukuna.

Fitilun rufi na wucewa ɗaya bayan ɗaya. Gajiya, wata irin gajiya. Ga hannun wata yana reto a gefen gado, ba mai kula — wane irin aiki ne wannan, a ɗaga mata shi mana!

Zoben da ke hannun… ai zoben nata ne.