Rabin Gangar Wankan Jego

Ranar da Radiyya ta cika kwana goma sha bakwai da haihuwa, motar magajin garin Arlit ta zagaya unguwar Bukoki da lasifika. Majalisar gari ta yi zama, in ji mai shela, ta yanke a bi gida-gida a auna duk ƙarfen da ya fito daga jujin kamfanin uranium. Wanda aka samu da guba, a ɗauke shi.

Zinariya, uwar Radiyya, ta ji sanarwar tana tsaye a gaban murhu. Abin da ke kan wutar rabin ganga ce mai kauri da ta saya wurin mai walda, kuma kowa ya san inda masu walda ke samo ƙarfe a garin nan. A cikinta take dafa ruwan wankan jego safe da yamma, tun da 'yarta ta zo gida haihuwar fari.

Ina za ta sami wata? Tun da tawaye ya sake tashi aka shiga dasa nakiyoyi a hanyar Agadas, mota ba ta motsi sai da rakiyar soja, kasuwa ta bushe ƙarƙaf. Ga baƙi sun cika gari neman aiki a sabuwar mahaƙa, ko gwangwani aka ajiye sai ya yi ƙafa. Saura kwana ashirin da uku a yi arba'in. Zinariya ta tabbata in aka yanke wanka sanyi zai shiga jikin yarinyar, ta kumbura. Ta ga an yi haka a Damagaram, da idonta. Gubar da ba ta da wari ba ta da launi kuwa, wannan zancen 'yan boko ne da suka rasa abin tattaunawa a zauren majalisa.

Saboda haka washegari, da aka gama wankan safe, ta kife gangar ta huce, ta mirgina ta har ɗakin mai jego, ta tura ƙarƙashin gado, ta saki zanen gado ya rufe.

"Inna, a nan?" in ji Radiyya, jaririn na kan cinyarta.

"Ke dai ba shi nono. Wane namiji ne zai taka ɗakin nan?"

Wannan kam ta yi gaskiya. Da hantsi suka yi sallama: Intala, wakilin unguwar a majalisa, Buzu dogo da rawani har hanci, sai Fatahu mai riƙe da na'urar auna guba, da soja ɗaya da ya tsaya a ƙofa yana kallon kowa kamar ɓarawo. Intala kansa bai sake ba. A shekarar nan, duk mai rawani irin nasa da taka-tsantsan yake tafiya gaban soja, ko da ƙuri'a ce ta kawo shi.

Fatahu ya bi tukwane, ya bi ƙyauren gida, ya bi kwanon rufi. Na'urar tana ƙas, ƙas, jefi-jefi. Ya nufi ɗaki mai labule, Zinariya ta riga shi.

"Mai jego ce a ciki, ɗana."

Fatahu ya dubi Intala. Intala ya sunkuyar da kai ya ja baya taku biyu.

"Allah shi raya. Ba mu shiga, Hajiya. Ruwan wanka fa, cikin mi kina dafa shi?"

"Tukunyar aro," ta ce, ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Suka yi mata barka, suka fita. Zinariya ta jingina da bango ta sauke numfashi. Daɗi ya kama ta, har da 'yar dariyar wadda ta yi wa hukuma wayo.

Ba ta gama ba ta ji ƙarar na'urar daga gidan 'Yargata, maƙwabciyarta, katanga ɗaya tsakani. Ba ƙas-ƙas ba ce wannan, tsiyaya ce kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai, babu tsayawa. Ta taka turmi ta leƙa.

Fatahu ya ja da baya, hannunsa a miƙe, na'urar na nuna wata rabin ganga da 'Yargata ke jiƙa wanki. Shuɗin fenti a gindi, da jan lamba da aka yanka ta tsakiya. Zinariya ta san sauran lambar, a jikin tata rabin gangar take, kullum tana kankare mata toka.

"Ku janye yara!" Fatahu ya ɗaga murya. "Kada kowa ya taɓa. Tun yaushe take gidan nan?"

"Wata biyu," in ji 'Yargata. "Mi ya faru? Wanki ɗai nika yi ciki, wallahi ba mu sha!"

"Kun yi sa'a a waje take. Ina ɗaya rabin?"

'Yargata ta san inda yake, tare da Zinariya suka je sayen. Ta ɗaga kai, suka haɗa ido da Zinariya ta saman katanga, sai ta mayar da idonta ƙasa. "Ban sani ba," ta ce. Rufin asiri ta yi mata, irin na maƙwabtan kirki.

Zinariya ta sauko daga turmin. Tsoro ne tsantsa ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar da aka yi harbi a bakin gari. Ta ɗaga labule. Radiyya ta yi barci, jaririn kwance a gefen katifa, daidai saman inda ta tura abin. Ta sure jaririn, ta finciki uwar, ta fito da su tsakar gida cikin rana, inda mai jego ba ta zama.

Sannan ta fita waje ba mayafi. Sojan ya juyo da bindiga, ba ta ma gan shi ba.

"Intala! Ku dawo. Ƙarya na yi muku."

Suka dawo. Tun daga bakin labule na'urar ta fara. Fatahu ya cire takalmi ya shiga, Intala ya tsaya a waje, ya juya wa Radiyya baya don kunya.

"Kwana nawa, Hajiya?" Intala ya tambaya a hankali.

"Goma sha takwas yau. Safe da yamma." Zinariya ta miƙa jaririn wajen Fatahu da ya fito. "Bar gangar nan, ɗana. Ɗora na'urar a kan wannan tukuna."