Ranar da Aka Kwantar da Fiton Ƙarshe

Jiya, tsakanin Azahar da La'asar, Alhaji Sabi'u Ɗorayi ya yi wani mafarki. Kafin a faɗi mafarkin ya kamata a faɗi abin da ya kwanta da shi a zuci, domin mutum ba ya mafarkin abin da bai hau shimfiɗa da shi ba.

Tun kafin azumi Malam Hambali yake kwance da shanyewar ɓarin jiki, har jiya kuwa Alhaji Sabi'u bai taka ya je dubiya ba, alhali tsakanin gidajensu tafiyar ƙafa ce. Tare suka fara wasan kwaikwayo suna samari. Hambali ne kuma ya fito a tsohon mai kwalekwale cikin sabon fim ɗin Alhaji Sabi'u, Fiton Ƙarshe, wanda sai da Alhajin ya sayar da filinsa kafin ya kammala shi. Da ciwo ya kayar da Hambali, ya aika masa da fim ɗin a waya tun ba a kai shi silima ba, don ya ga kansa ya ji sanyi. Ban da wannan babu kwafin da ya taɓa fita daga hannunsa. Ranar Sallah aka fara haskawa, zauren silima wayam. A ranar kuma babu shagon 'yan dawunlodin da ba ya tura fim ɗin a waya, a kan abin da bai kai kuɗin ƙosai ba.

Duk safiya maiɗakinsa, Hajiya Uwani, takan ce, "Alhaji, iyalin mutumin nan sun sake aikowa." Shi kuma yakan ce, "Waɗanda ya ba fim ɗina su je su duba shi."

To, ga abin da ya gani.

Ya ga kansa a ƙofar wani babban asibiti, babbar riga a ciki, singileti a waje, babu kuma wanda ya ga laifin haka. Wata tunkiya mai tabarau tana zaune a bayan ƙaramar taga tana yanka tikiti.

"Kai mutum nawa ne?" in ji ta.

"Ni kaɗai ne."

"Kash. Da kana da yawa da ka ceci rai. Wuce."

Cikin ɗakin majinyata gadaje ne jere, a kan kowane gado fim ne kwance, an lulluɓe shi da fostarsa. Zabi sanye da fararen huluna suna kai da kawowa. Wani bunsuru mai farar riga ya tarbe shi da ƙanshin turare, ya ce shi ne babban likita.

"Ƙa'idarmu ba ta da wuya, ranka ya daɗe," in ji bunsurun. "Ran Juma'a, kamar yau, muke kwantar da su. Wanda 'yan dubiya suka cika masa gado, ya tashi. Wanda ba a zo ba, ran Litinin mu sallame shi gida."

"Wane gida?"

"Gidan kowa."

A gadon farko wani fim ne ƙato, kumatu kamar an hura, yana tiƙar rawa a kan katifa, 'yan dubiya sun yi layi har waje suna masa liƙi.

"Wannan me ke damunsa?"

"Babu komai. Mun ɗauki hoton cikinsa, ba mu ga labari ba. Shi ya sa numfashinsa yake fita ba wahala."

Na kusa da shi baƙo ne daga Indiya da aka koya wa Hausa. Ya motsa baki ya gaishe su, sai da suka wuce gado biyu gaisuwar ta iso. Can gefe akwai ɗaki na musamman mai sanyi, inda aka kwantar da wani fim ɗin Turawa. Bango na girgiza, motoci na faɗowa daga rufi, 'yan dubiya na cin gugguru ba su ko ƙifta ido. Ta taga kuma wata halitta mai tsawo tana wucewa, tana ta wucewa, ba ta ƙarewa.

"Mai dogon zango ne," in ji bunsurun. "Irinsu ba su kwanciya a nan. Kansa ya shiga gari tun bara, jelarsa ba a ɗauke ta ba tukuna."

A ƙarshen ɗakin, dab da ƙofar bayi, ya tarar da Fiton Ƙarshe. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Katifarsa jiƙe take, saboda kogin da ke cikinsa yana yoyo. An rataya masa ƙarin ruwa, amma tikiti ne a cikin robar, sai an daɗe guda ya ɗigo. Kewaye da gadon kujerun silima ne jajaye, sun zo dubiya da kansu, suna buɗewa suna rufewa cikin ladabi.

"Sannu, Alhaji," in ji wata kujera daga sahun gaba. "Mun kalla. Wallahi ya yi ma'ana. Ta bayana har kuka ta yi."

Nan ran Alhaji Sabi'u ya ɓaci. Ya juya ga layin masu liƙi, ya ɗaga murya yadda yake yi a wurin ɗaukar fim.

"Ku mutanen garin nan! Ba ku ne kuke tare ni a masallaci da gidan biki ba, kuna cewa an lalata sana'a da rawa da waƙa, a yi muku fim mai tarbiyya? Ga shi na yi. Na kwana a bakin kogi sauro ya sha jinina. Na sayar da filin da zan gina wa 'ya'yana. Ina kuke? Wanda kuke zagi da rana shi kuke wa layi da yamma. Bakinku yana wurina, ƙafarku tana wurinsa. Wannan ba munafunci ba ne?"

Duk layin suka juyo suka ce, "Gaskiya ne, Alhaji," suka koma ga liƙinsu.

Bunsurun ya ɗora abin sauraro a ƙirjin fim ɗin, ya jima, ya girgiza gemu.

"Ba na jin tafi ko ɗaya. Kai ka taɓa zama a gefensa?"

"Ni na yi shi!"

"Ban tambayi wanda ya haifa ba. Wanda ya zauna na tambaya. An ce kullum a waya kake kira kana tambayar mutum nawa suka shiga." Ya cire robar ruwan. "Yau Litinin."

"Yanzu fa kuka ce Juma'a ce!"

"A nan Litinin ba ta jiran Lahadi."

Sai ya ga kansa a bayan asibitin, a kan wani dakali irin na mahauta. Wasu matasa riƙe da kwamfuta sun kwantar da Fiton Ƙarshe sun kafa watanda da shi. Mutane na miƙo waya kamar kwano. Kowa aka yankar masa sai ya tashi da sa guda cikakke, na kan dakalin kuma bai ragu da ko tsoka ba.

"Wa ya ba ku?" ya daka musu tsawa.

"Samu muka yi, Baba."

"A ina?"

"A hannun wanda ya samu."

Ya kai wa ɗaya mari, hannunsa ya wuce ta cikin fuskar yaron ya fito da wayar caji.

Sai ga shi a tsakiyar gari, garin kuwa duk ya zama kogi. Daga kowace waya ruwa ke zuba. A shagon tela Hambali na tuƙa kwalekwale a cikin kofin shayi. A wani gida yana tuƙi a cikin tukunyar tuwo, matar gidan na tuƙa nata tana share hawaye da gefen zane. Direbobi sun tsayar da motoci a kan titi. Babu gidan da fim ɗin bai shiga ba, ko'ina kuma an shimfiɗa masa tabarma, ya yi ƙiba, ya yi haske, kamar ba shi ne na bakin bayi ba.

Alhaji Sabi'u ya cafki wuyan rigar wani magidanci.

"Kai, me ya hana ka zuwa silima?"

"Haba Alhaji. Ni da iyali da kuɗin mota da tikiti? Ai sai mu kwana da yunwa. Amma fa kun yi ƙoƙari. Sannu."

Magidancin ya zura masa sannun a aljihu. Jama'a suka gane shi, suka yanyame shi, kowa na cusa masa tasa, har aljihunan suka yi nauyi suna jan sa ƙasa. Ya ja jiki zuwa wurin dillalin da ya sayar masa da filinsa, ya zazzage su a gabansa don ya fanso filin. Dillalin, wanda a nan jimina ce, ya ɗaga guda ya duba a rana.

"Masu kyau ne," ya ce. "Amma ba ma karɓa."

Daga nan Alhaji Sabi'u ya ƙudura sai ya ga mafarin wannan ruwa. Bai sha wuya ba, domin kogin hawa tudu yake yi, ya bi shi kawai. Ya ratsa lunguna har ya kai shi wata ƙofa da ya sani, mai koren fenti. Ɗakin Hambali ne.

Hambali na kwance, bakinsa ya karkace, waya a kan ƙirjinsa. 'Yan dubiya na shiga ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya durƙusa ya ce, "Malam, ya jiki?" Leɓen Hambali ya yi ta rawa, magana ta ƙi fita. Sai ya danna wayar da hannunsa mai lafiya, tsohon mai kwalekwale na cikin fim ya amsa da murya garau: "Ruwa ne, ana hayewa." Mai dubiya ya ce, "Allahu Akbar. Malam, a tura min in ƙara ji a gida." Hambali ya gyaɗa kai. Haka ruwan ke fita ta ƙofa.

"Maci amana!" Alhaji Sabi'u ya faɗa. "Filina ne kake rabawa sadaka!"

Na kan gadon bai motsa ba. Na cikin wayar ne ya ajiye sandar tuƙi ya juyo.

"Sabi'u, bakina a nan ciki ya rage. Ka so in kulle shi a aljihu har Sallah?"

"Na so ka riƙe abin da na ba ka!"

"Ban riƙe ba. Ban musa ba. Na cuce ka."

"To shi ke nan? Ka cuce ni, shi ke nan?"

"A'a. Saura zagi. Na tanadi kunne tun ranar Sallah, ba ka kawo ba. Da can in na makara wurin ɗauka, a gaban kowa kake wanke ni tas, mu ci abinci kwano ɗaya. Yanzu ka yi girman da za ka zage ni a gidanka ni ina nawa?"

Kafin ya amsa sai ga bunsurun ya shigo, zabi na biye da shi. Ya dubi idon Hambali, ya dubi tafin hannunsa.

"Wannan ma Litinin ɗinsa ta kusa," ya ce.

"Kai, wannan mutum ne, ba fim ba! Kuma ba ka ga jama'a ba? Gari guda ya zo!"

"Gari ya zo. Akwai wanda yake jira, bai zo ba."

"Ga ni nan tsaye!"

"A mafarki ka zo, ranka ya daɗe. Ba ma lissafawa da shi."

Zabin suka kama gadon suka fara turawa. Alhaji Sabi'u ya riƙe ƙarfen da hannu biyu, yana zagin bunsurun, yana zagin Hambali, yana zagin garin da mutanensa, gadon kuwa yana tafiya da shi. Tayoyin suka ɗauki ƙara, ƙarar ta yi ta hauhawa har ta cika masa kai.

Injin markaɗen maƙwabta ne. An kawo wuta.

Ya tashi zaune, gumi ya jiƙa masa wuya. Ya laluba zuciyarsa ko fushin ya ragu, ya tarar yana nan yadda ya bar shi. Filin bai dawo ba, silima ta riga ta sauke fim ɗin, kuma mafarki ba shaida ba ne a kan yadda aka yi ya fita. Ya yi alwala ya yi La'asar. Da ya ɗauki hula, Hajiya Uwani ta leƙo daga madafa.

"Ina zuwa, Alhaji?"

"Zan je in zagi wani."

Ta dube shi, ta koma ciki, ta fito da kwanon kunun gyaɗa a rufe ta miƙa masa.

A bakin titi ya tsaya wurin mai lemo, ya yi ciniki da faɗa kamar mai lemon ne ya saci fim ɗin. Ya yi sallama a ƙofar gidan, matar Hambali ta amsa, ta kauce masa hanya tana rufe baki da mayafi.

Ɗakin babu kowa sai majinyacin. Ya fi yadda ya gan shi a mafarki ramewa. Alhaji Sabi'u ya ajiye kwanon, ya zauna a bakin gadon, ya zaro lemo guda ya fara ɓarewa da farce. Sai da ya gama ya ɗago.

"Ɓarawon banza," ya ce. "Ya jiki?"

Rabin fuskar Hambali ya yi dariya. Leɓensa ya kama rawa, ya yi ta kokawa da kalma, miyau na zuba a gefe. Alhaji Sabi'u bai taya shi ba, bai kuma kau da kai ba. Ya jira.

"Ka... makara... darakta."

"Rufe min baki," in ji Alhaji Sabi'u. Ya sa hannun rigarsa ya goge masa haɓa. "A'a, buɗe. Sha lemo."